Likimon HIV a cikin jiki: dalilin da ya sa magani ke danne cutar amma bai fitar da ita ba

Duk wanda ya taɓa zama a layin karɓar magani a sashen masu ɗauke da HIV na wani babban asibiti ya san irin farin cikin da ke biyo bayan sakamakon gwajin jini mai kyau. Ma'aikaciyar jinya za ta duba takarda ta ce wa mai jinya, "Alhamdu lillahi, ba a ga ƙwayar cutar a jininka ba," shi kuwa ya fita yana jin kamar an sauke masa dutse daga ka. Sai dai kafin ya isa gida wata tambaya takan taso masa: idan har na'ura ta duba ba ta ga komai ba, me ya sa za a ce in ci gaba da haɗiyar magani kullum har ƙarshen rayuwata? Wannan tambaya ba ta jahilci ba ce, domin ita ce manyan masanan duniya suka yi wa kansu a 1996, kuma amsar farko da suka bayar kuskure ce.

A watan Yulin waccan shekarar, a taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, aka gabatar da sakamakon haɗa magunguna uku a lokaci guda. Mutanen da aka riga aka fid da rai da su suka miƙe, suka yi ƙiba, suka koma bakin aiki. A daidai lokacin kuma lissafin wasu masana biyu a Amurka, David Ho da Alan Perelson, ya nuna cewa jikin wanda ba ya shan magani yana ƙera sababbin ƙwayoyin cutar kimanin biliyan 10 a kowace rana, kuma ƙwayar jikin da cutar ta shiga ta mayar da ita masana'anta ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu take mutuwa. Daga nan tunani ya tafi kai tsaye: idan aka toshe hanyar kamuwar sababbin ƙwayoyi, tsofaffin za su mutu da kansu, jiki ya tsarkaka. A 1997 suka ƙiyasta cewa shekara biyu zuwa uku na magani mai ƙarfi za su iya wadatarwa, da sharaɗin babu wani lungu da ba a sani ba. Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka gano lungun. Rukunin masu bincike uku, na Robert Siliciano a Jami'ar Johns Hopkins, da na Douglas Richman a San Diego, da na Anthony Fauci a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, kowannensu ya ɗebi jinin mutanen da gwaji ya daina ganin cutar a jikinsu, ya ware wasu fararen ƙwayoyin jini da ke cikin hutu, ya zaburar da su a ɗakin gwaji, sai ga cutar ta fito da ranta da ƙarfinta.

Domin kada kalmar ƙwaya ta rikita mai karatu, daga nan zan riƙa kiran ƙwayar cutar da sunan bairos, in bar kalmar ƙwaya ga ƙwayoyin jikin ɗan Adam.

Tushen matsalar yana cikin yadda wannan bairos ke hayayyafa. Yawancin ire-irensa, kamar na mura, baƙi ne masu wucewa: su shiga ƙwaya, su yi amfani da kayan aikinta, garkuwar jiki ta fatattake su, magana ta ƙare. HIV ba haka yake ba. Bayanan gadonsa a rubuce suke da sinadarin RNA, namu kuwa da DNA, don haka yana shiga ƙwaya ɗauke da kayan aikinsa guda uku. Na farko majuyi ne, wanda ke kwafe rubutun RNA ya mayar da shi DNA. Na biyu maɗinki ne, wanda ke tsaga zaren DNA na mutum a cikin cibiyar ƙwayar ya ɗinke rubutun bairos a tsakiya. Na uku almakashi ne, wanda ke yayyanka sassan sabon bairos domin ya nuna ya iya kama wata ƙwayar. Mataki na biyu shi ne wanda ba a komawa baya daga gare shi. Rubutun bairos bai kai haruffa 10,000 ba, na mutum kuwa ya kai kimanin biliyan 3, kuma da zarar an ɗinke ƙaramin a cikin babban, ƙwayar ba ta da hanyar rarrabe nata da baƙo. A ƙaddara wani ya saka warƙa guda a tsakiyar littafin malami, da irin tawadar da irin hannun, ya kuma ɗaure ta tare da sauran. Duk almajirin da ya zo kwafar littafin zai kwafe har da ita, kuma wanda zai kwafa daga gare shi ma haka. Wannan dabara ma ba sabuwa ba ce a tarihin halitta, domin kusan kashi 8 cikin 100 na DNA ɗin kowane mutum ɓurɓushin irin waɗannan bairos ne da suka shiga jikin magabata tun zamani mai nisa, suka lalace, suka zama gado.

Idan aka fahimci wannan, za a ga iyakar abin da magani zai iya. Ƙwayar maganin da galibin manya ke sha sau ɗaya a rana a Nijeriya ta haɗa tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Biyun farko suna lalata aikin majuyi, na ukun yana riƙe hannun maɗinki. Wasu magungunan suna dushe almakashi, wasu kuma suna tare ƙofar shiga. Dukkansu masu gadi ne, aikinsu shi ne hana bairos kama ƙwayar da bai riga ya kama ba, kuma suna yin wannan aiki sosai da sosai. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu da zai shiga cibiyar ƙwaya ya warware ɗinkin da aka riga aka yi kafin a fara shan sa.

Duk da haka, da a ce kowace ƙwayar da ta kamu tana mutuwa cikin kwana biyu, da lissafin 1997 ya tabbata. Abin da ya rushe shi shi ne irin ƙwayar da bairos ya zaɓa. Ƙwayoyin CD4, waɗanda ake ƙirga yawansu a asibiti, su ne masu ba da umarni a rundunar garkuwar jiki. Idan wata cuta ta shigo, waɗanda suka gane ta sukan farka, su rarrabu su yawaita, su jagoranci yaƙi. Bayan an ci nasara yawancinsu sukan mutu, amma kaɗan sukan koma su kwanta, su zama ma'adanar tunawa da wannan abokin gaba. Su ne dalilin da ya sa wanda ya yi ƙyanda yana yaro ba ya sake yin ta, kuma a kansu allurar rigakafi ta dogara. An halicce su ne domin su daɗe, shekaru da shekaru, su da zuriyarsu. To, HIV ya fi son ƙwayar da take a farke, domin a nan yake samun kayan aiki, kuma yawanci yakan kashe ta. Amma wani lokaci yakan faɗa wa ƙwayar da take kan hanyar komawa hutu. Ya samu ya ɗinke kansa, kafin ya fara ƙera 'ya'ya ƙwayar ta rufe shago. Sinadaran da ke kunna karatun rubutun ba sa nan, zaren DNA ya nannaɗe ya matse, kuma shi kansa sinadarin Tat, wanda bairos ke ƙerawa domin ya ingiza karatun rubutunsa, bai taru da yawan da zai tayar da injin ba. Sai rubutun ya zauna shiru.

Wannan shirun shi ne likimon, kuma yana kare bairos daga abokan gaba biyu a lokaci guda. Magani ba ya samun abin da zai tare, tun da babu juyi ko ɗinki ko yanka da ake yi. Garkuwar jiki ita ma ba ta gani, domin sojojinta masu kisa, wato ƙwayoyin CD8, suna gane ƙwayar da ta kamu ne ta hanyar gutsattsarin bairos da take baje wa a bayanta, ƙwayar da ba ta ƙera komai kuwa ba ta da abin bajewa. A ganina nan ne wuri mafi ɗaci a duk labarin: baiwar da ke sa jiki ya tuna da ƙyanda har tsufa, ita ce ta sa ya kasa mantawa da HIV.

Yawan waɗannan ƙwayoyi masu likimo ƙanƙane ne ƙwarai. Gwajin farko ya nuna kimanin guda ɗaya a cikin miliyan ɗaya na ƙwayoyin CD4 masu hutu, abin da aka ƙiyasta zai kai kusan miliyan guda a duk jiki. Sai dai ƙanƙantar ba ta da amfani idan ba sa ƙarewa. Rukunin Siliciano ya bi mutane na tsawon shekaru yana aunawa, kuma a 2003 ya bayyana cewa sai an yi wata 44 kafin yawan ya ragu da rabi. A wannan tafiyar hawainiya, sai mutum ya shekara 73 yana shan magani ba fashi kafin maɓoyar, wato tarin waɗannan ƙwayoyi masu likimo, ta ƙare. Bayan shekara goma, a 2013, Ya-Chi Ho da abokan aikinta suka ƙara dagula lissafin da suka nuna cewa zaburarwa ɗaya a ɗakin gwaji ba ta tayar da dukkan masu likimo, wasu sai a karo na biyu ko na uku, don haka ainihin girman maɓoyar zai iya ninka abin da ake gani har sau 60. A ɗaya ɓangaren kuma an gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na rubutun HIV da ke cikin ƙwayoyin mai shan magani gurɓatacce ne, majuyi ya yi kuskure wajen kwafa ko ya tsallake manyan sassa, ba zai taɓa haifar da bairos mai rai ba. Wannan ya sa ma'aunin kansa ya zama ciwon kai, domin gwajin da ke ƙirga duk wani rubutu yana zuzuta girman maɓoyar, wanda ke jiran bairos ya fito kuma yana rage ta.

An daɗe ana muhawara kan abin da ke hana maɓoyar raguwa. Wasu sun ce lallai akwai wuraren da magani ba ya isa sosai, inda bairos ke ci gaba da kama sababbin ƙwayoyi a ɓoye yana cike gurbin waɗanda suka mutu. Hujjoji biyu sun raunana wannan ra'ayi. Majuyi ma'aikaci ne mai yawan kuskure, don haka duk inda bairos ke hayayyafa rubutunsa yakan riƙa sauyawa, amma a jikin masu shan magani yadda ya kamata an tarar rubutun bai sauya ba ko bayan shekaru. Sannan da aka gwada ƙara magani na huɗu a kan ukun, ɗan ragowar bairos da ke yawo a jini bai ragu ba. Amsar da ta fi gamsarwa ta fito a 2014, lokacin da rukunin Frank Maldarelli da wani rukunin a Seattle suka duba ainihin wurin da aka ɗinke bairos a cikin DNA na ƙwayoyi daban-daban. Tun da zaren yana da haruffa biliyan 3, abu ne mai wuyar gaske bairos biyu su sauka a harafi ɗaya bisa katari. Sai ga shi an sami ƙwayoyi masu ɗimbin yawa da ɗinki a wuri guda daidai, wanda ke nufin dukkansu zuriyar uwa ɗaya ce. Ashe ƙwayar mai likimo tana rabuwa biyu kamar kowace ƙwayar tunawa, ko dai don jiki yana sabunta rundunarsa, ko don ta sake haɗuwa da cutar da aka halicce ta ta tuna, kuma duk rabuwa tana kwafe warƙar nan ga 'ya'yanta. Bairos bai motsa ba, bai yi amfani da ko ɗaya daga cikin kayan aikinsa ba, jiki ne ke yi masa noma. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa rabi ko fiye na maɓoyar mai rai daga irin waɗannan zuriyoyi take. Har ma an ga wurare a cikin DNA, kamar sashen da ake kira BACH2, inda ɗinkin ke ƙara wa ƙwayar ƙarfin rayuwa da yaɗuwa.

Wannan gano yana da amfani a ɗakin likita ma. Akwai mutanen da ba sa fashin magani ko na kwana ɗaya amma gwajinsu ya riƙa nuna ɗan adadi kaɗan da ya ƙi ɓacewa, kuma an tabbatar cewa a wasunsu wata babbar zuriya ce ke ɗiɗɗigo da bairos cikin jini, ba gazawar magani ba ce. Bai kamata duk wanda aka ga haka a takardarsa a fara zarginsa da sakaci ba, ko da yake fashin magani ne ya fi yawa a cikin dalilai.

Jini, wanda shi ake ɗiba a auna, ba ya ɗauke da fiye da kimanin kashi 2 cikin 100 na irin waɗannan fararen ƙwayoyi. Sauran suna cikin bangon hanji, da saifa, da kaluluwar wuya da hamata da matsematsi. A cikin kaluluwa akwai wasu ƙananan zagaye inda ake horar da ƙwayoyin da ke ƙera makaman garkuwa, kuma sojojin CD8 ba su cika samun izinin shiga can ba, don haka ƙwayar da ta kamu takan sami mafaka. Ƙwaƙwalwa ma tana da nata ƙwayoyin gadi masu tsawon rai da bairos ke iya shiga, ga kuma shingen da ke tace abin da jini zai kai mata. A San Diego akwai masu ɗauke da HIV da wata cutar ajali ta kama, suka yi wasiyyar a binciki gawarsu cikin sa'o'i kaɗan bayan rasuwa, kuma an sami rubutun bairos a kusan kowace gaɓar da aka duba.

Tun da abin haka yake, sai masana suka yi tunanin a riga bairos isa maɓoyar. A 2014 rukunin Dan Barouch a Boston ya sa wa birai dangin wannan bairos, ya fara ba su magani a kwana na uku, tun kafin a ga komai a jininsu. Bayan wata shida aka tsayar da maganin, cutar ta dawo a jikin dukkansu. A shekarar ce kuma labarin wata jaririya a jihar Mississippi ta Amurka ya ƙare da baƙin ciki. An haife ta a 2010, aka fara ba ta magani mai ƙarfi tana da sa'a 30 a duniya, aka ci gaba har ta kai wata 18, sannan aka daina kawo ta asibiti. Da ta dawo ba a ga bairos ba, aka yi ta murna a duniya, ta yi wata 27 babu magani babu alamar cuta, sai kuma ya bayyana. Darasin da aka ɗauka shi ne fara magani da wuri yana ƙanƙantar da maɓoyar ƙwarai, yana kuma ceton garkuwar jiki, amma ƙofar tana rufewa cikin kwanaki. Wani bincike da aka yi kan mata tara a KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2019, ya ƙara wani abin mamaki: kusan kashi 70 cikin 100 na bairos ɗin da ke maɓoyarsu ya yi kama da wanda ke yawo a jininsu dab da fara magani, ba na shekarun farkon kamuwa ba. Fassarar da aka yi ita ce, kafin magani maɓoyar tana cika tana zubewa, shi kuwa magani da ya kwantar da tarzomar jiki sai ya ba ƙwayoyi masu yawa damar komawa hutu da abin da ke cikinsu.

Idan mutum ya daina shan magani, abin da ke faruwa sananne ne. Kullum akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke farkawa su saki bairos, kuma gwaji mai tsananin kaifi yakan sami ɗaya zuwa uku a kowace mililita ta jini, ƙasa da 20 ko 50 da na'urorin asibiti ke iya gani. Muddin masu gadi suna bakin aiki, wannan tartsatsi ba ya samun abin kamawa. Da sun tashi, cikin mako biyu zuwa huɗu bairos yakan cika jini a wajen yawancin mutane. An gwada hutun magani da gangan a wani babban bincike mai suna SMART, wanda ya ƙunshi mutane fiye da 5,000 a ƙasashe 33, amma dole aka dakatar da shi a Janairun 2006, domin masu hutun sun fi masu ci gaba shiga haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa fiye da ninki biyu, har da ciwon zuciya da ƙoda da hanta. Maɓoyar kuma ba ta mantuwa: duk wani bairos da ya koyi bijire wa magani a lokacin da ake sha ana fashi, shi ma ana ɗinke rubutunsa a ajiye, kuma zai iya fitowa bayan shekaru idan aka koma ga wannan maganin.

Waɗannan makonni na shiru su ne jarin masu da'awar warkarwa. Wanda ya ajiye maganin asibiti ya sha jiƙo na kwana goma, aka auna shi ba a ga komai ba, ya ga abin da zai ɗauka mu'ujiza ce, alhali aikin maganin da ya bari ne bai gama gushewa ba. A Janairun 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar cewa yana warkar da cutar da haɗin itatuwa, aka sa waɗanda suka shiga shirinsa suka daina shan magani. Bayan faɗuwar mulkinsa wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun kai shi ƙara a 2018, hukumar binciken gaskiya ta ƙasar kuma ta saurari shaidu kan waɗanda suka mutu.

Warkewa ta haƙiƙa ta faru, amma ga mutane 'yan ƙalilan, kuma ta hanyar da ke ƙara tabbatar da bayanin da ya gabata. Timothy Ray Brown, Ba'amurken da ke zaune a Berlin, ya kamu da sankarar jini, aka yi masa dashen ɓargo a 2007 da 2008. Likitansa Gero Hütter ya nemo mai ba da ɓargon da aka haifa ba shi da CCR5, wato marikin ƙofar da yawancin HIV ke kamawa kafin ya shiga ƙwaya. An rushe tsohuwar garkuwar jikinsa da maɓoyar da ke cikinta, sabuwar kuma ta zo da ƙofa a kulle, kuma har ya rasu a 2020 sakamakon dawowar sankarar, HIV bai dawo ba. Adam Castillejo a Landan ya bi sahunsa, aka bayyana labarinsa a 2019, sai wasu kaɗan bayansa. A gefe guda, mutane biyu a Boston da aka yi wa dashe da ɓargo mai ƙofa a buɗe sun kai matsayin da ba a iya gano bairos a jininsu da kowane irin gwaji, amma da suka daina magani a 2013 ya dawo wa ɗaya bayan mako 12, ɗayan bayan mako 32. Ƙwayoyi kaɗan da suka tsira a wani lungu sun isa. Dashen ɓargo kansa yana iya kisa, ba a yin sa sai ga wanda sankara ta riga ta sa rayuwarsa a haɗari, kuma rashin CCR5 ɗin nan ana samunsa ne a kusan mutum ɗaya cikin 100 na mutanen arewacin Turai, da wuya ƙwarai a same shi a tsakanin 'yan Afirka.

Abin da ya fi ba ni fata shi ne wasu mutane, ƙasa da ɗaya cikin 100 na masu ɗauke da cutar, waɗanda garkuwar jikinsu ke danne bairos ba tare da magani ba. A 2020 rukunin Xu Yu a Boston ya nuna cewa a jikinsu rubutun bairos mai rai ya fi yawa a sassan DNA da ba a karantawa, wuraren da suke kamar fako. Alamu sun nuna garkuwarsu ta yi ta tsince duk ƙwayar da ta kuskura ta yi motsi, har ya zama saura waɗanda aka binne da zurfi. Masu neman maganin warkarwa sun rarrabu a kan wannan. Wasu suna son a tayar da masu likimo da gangan domin garkuwa ta gan su ta kashe, kuma a 2012 David Margolis ya nuna cewa maganin sankara mai suna vorinostat yana sa rubutun ya fara motsi, sai dai gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su rage girman maɓoyar yadda za a yi tinƙaho ba. Wasu suna son akasin haka, a ƙara danne rubutun har ya kasa tashi har abada. Wasu sun gwada almakashin gyaran DNA mai suna CRISPR domin a yanke warƙar a fitar, amma a gwajin farko a jikin mutane waɗanda suka dakatar da magani bairos ya dawo musu. A Durban ta Afirka ta Kudu an ba mata 20 da suka fara magani da wuri makaman garkuwa masu iya kama nau'o'in HIV da yawa, aka tsayar da maganinsu a ƙarƙashin kulawa, kuma a 2025 aka bayyana cewa huɗu daga cikinsu sun kai kimanin shekara ɗaya da rabi bairos yana danne.

Kada wannan bayani ya rage darajar waccan takardar da ma'aikaciyar jinya ta karanta. Wanda adadin bairos a jininsa ya zauna ƙasa da 200 a kowace mililita ba ya sa wa matarsa ko mijinta cutar ta hanyar saduwa, kuma manyan bincike a kan dubban ma'aurata sun tabbatar da haka. Wanda ya fara magani da wuri ya riƙe shi yana iya yin tsawon rai kusa da na kowa. Abin da maɓoyar ke bari shi ne wani ɗan zafi da ba ya mutuwa a cikin garkuwar jiki, domin ko gurɓataccen rubutu yakan ƙera gutsattsarin da ke tsokanar ta, kuma ana ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ciwon zuciya ya fi saurin samun masu ɗauke da HIV. Kalmar da ake amfani da ita a asibiti ma tana bukatar kula. "Ba a gani ba" a kunnen Bahaushe tana iya zama "babu", gara a ce masa an danne cutar ta kwanta, maganin ne kuma ke danne da ita.

Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya. Nau'o'in HIV da suka fi yawa a nan su ne G da CRF02_AG, alhali mafi yawan abin da aka sani game da maɓoyar an samo shi ne daga maza a Amurka da Turai masu ɗauke da nau'in B, duk da cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu cutar a duniya suna Afirka kudu da Sahara, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu. Ga kuma batun wanda ke biyan kuɗin maganin. Kaso mai yawa nasa yana zuwa ne ta tallafin waje, musamman shirin PEPFAR na Amurka da aka kafa a 2003, kuma da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare a Janairun 2025, ayyukan asibitoci da dama a Afirka sun tsaya cik na wani lokaci. Ga mutumin da ya shekara goma sha biyar bai yi fashi ba, ƙwayoyin da ke kwance a hanjinsa da kaluluwarsa suna nan kusan yadda suke, kuma rufe tagar karɓar magani na wata guda ya zarce mako biyu zuwa huɗun da bairos ke bukata kafin ya cika jininsa.